Kwalbar da Gwaggo ta Hana Ni Lasa

Ranar sadakar uku, a gidan marigayiyar da ke unguwar Gesse a Birnin Kebbi, ina zaune bakin ƙofar ɗakin girki da faifai a cinya ina tsintar shinkafa, mata suna shigowa suna wuce ni. Kowacce ta tuɓe takalmi ta ce mani sannu, irin sannun da ake yi wa mai aiki, sannan ta zarce ciki inda ɗiyata ta fari take zaune kan tabarma, ta durƙusa gabanta.

"Ya haƙuri? Kin yi rashin uwa."

"Allah shi ba ki danganar maraici."

Kafin azahar na ji wannan magana har na daina ƙirgawa. Ni da na haife ta ina nan da raina, ina jefa tsakuwa cikin gwangwani.

Wadda ta rasu yayar mijina ce. Yara suna ce mata Gwaggo, ni ma na bi bakinsu. Mai ita ya karɓi abinsa, mu ma muna kan hanya. Allah ya sa ta huta.

An yi jama'a. Wani magidanci mai kantin magani ya tsaya daga zaure yana ba maza labarin yadda ta taɓa sa shi ya wanke kwalba ɗaya sau bakwai lokacin yana sakandare. Yana dariya, muryarsa tana rawa. Maƙwabciyarta, 'yar kudu da ta daɗe tana sayar da kayan masarufi a unguwar har Hausarta ta fi ta wasunmu, ta shigo tana kuka da ƙarfi, tana cewa, "Yanzu wa zai zage ni in na zuba kananzir a gorar ruwa?" Wata tsohuwa kuma ta dafa kan ɗiyata ta ce, "Ba ta haifa ba, amma dibi abin da ta bari." Duk ɗakin ya amsa. Ni ma na amsa daga bakin ƙofa, don kada a ce.

Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta sha gaya mana, abin da ba ka so ya ɓace, rubuta shi. Shi ya sa na ɗauki biro. An ce a faɗi alherin mamaci, kuma zan faɗa. Sai dai in na ɓoye kishin da na yi da wannan baiwar Allah shekara talatin da ɗoriya, alherin nata ba zai fito yadda yake ba.

A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai. Ranar suna, Gwaggo ce ta zaɓa wa jaririyar suna, mijina ya kai wa liman. Ranar yaye kuma ta taso daga Birnin Kebbi ta zo Argungu da sabon zanen goyo a jaka. Ba wanda ya tambaye ni, domin ba a tambaya. Ina tsakar gida ina turara shinkafa a babbar tukunya lokacin da ta goya ta. Na ji ƙarar 'yan ƙafafun suna bugun kwankwasonta. Ban ɗaga kai ba. Na ƙara itace a wutar da ba ta bukatar itace.

Haka yarinya ta tashi tana ce mata Inna, ni kuma Yaya, kamar yadda ta ji ƙannena suna kirana. Na haifi shida bayanta, ina ƙwala musu kira har maƙwabta su gaji. Sunanta ita kaɗai bai taɓa fita bakina ba. In dole ta kama sai in ce "ke," ko in ce "'yar Gwaggo."

Gwaggo ta yi aikinta duka a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na wata makarantar sakandare. Ba ita ke koyarwa a allo ba. Ita ke wanke kwalabe, ta auna sinadarai, ta jera wa ɗalibai kafin su shigo, ta kwashe bayan sun fita. Yatsunta biyu na dama suna da tabo ruwan ɗorawa wanda sabulu bai taɓa fitarwa ba. Aikin ya bi ta har gida. Kofin shayi sai ta ɗauraye shi sau uku. Ba ta kai hanci bakin tukunya, sai dai ta kaɗo tururin da tafin hannu. Kowane gwangwani a ɗakin girkinta da takarda manne a jikinsa: gishiri, kanwa, kuka, daddawa. Tana cewa, "Abin da ba a rubuta sunanshi ba guba ne, sai an tabbatar." Tana kuma cewa, "Kwalba mai dauɗa maƙaryaciya ce."

A lokacin ban san ko harafi ɗaya ba. Wata rana na je gaishe ta, ta ce in ɗora miya. Na tsaya gaban fararen gwangwanaye guda huɗu masu kama ɗaya, ina jin nauyin buɗewa in lasa a gabanta. Yarinyar, tana 'yar shekara shida, ta zo ta ɗaga ƙafa ta nuna da yatsa: "Wanga shi ne gishiri, Yaya. Ga shi an rubuta." Gwaggo ta ce, "Yawwa, ɗiyar Inna." Ba da mugunta ta faɗa ba. Amma na ɗauki wannan yawwa na koma da ita Argungu, na ajiye ta shekaru, ita ce ta kai ni ajin manya bayan na aurar da biyu cikin ƙannenta.

Ba ta taɓa daina ce mani Amarya ba, har na yi furfura. In na kai mata shinkafa sai ta baza a tire ta ce, "Amarya, a Argungu tsakuwa kuke nomawa ko shinkafa?" Alhali ita da kanta ta san babu mai tsinta kamata a unguwarmu. Buhun kuma ba ta bari kowa ya taɓa, sai ranar da yarinyar ta dawo hutu.

Ciwon suga ya riga ya kama ta shekaru masu yawa, daga baya ni ma aka ce ina da shi. Sai ya zama duk ranar da zan ga likita a Birnin Kebbi a gidanta nake sauka. Cikin magungunanmu akwai wata ƙwaya da ake sha tare da abinci, ita kuwa ta zama 'yar sandan wannan ƙwaya.

"Da lomar fari, Amarya! Ba bayan kin siɗe kwano ba. In tuwo ya riga shi shiga, mi zai tare?"

Maganin yana sa iska a ciki. Sai mu zauna kan tabarma ɗaya bayan cin abinci, tsofaffi biyu, cikinmu yana kuka kamar kwaɗin fadama, kowa ta ɗaure fuska. Ita ke fara cewa, "Naki ne." In ce, "A'a Gwaggo, daga gabas na ji shi." Da a ce iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan, da na so ta ba tare da wani ƙulli ba.

Amma akwai Alhamis.

Yarinyar ta yi jami'a, ta karanci ilimin haɗa sinadarai, ta zarce karatun digiri na uku a wata jami'a mai nisa. Kowace Alhamis bayan la'asar wayar Gwaggo takan yi ƙara. In ranar asibitina ta faɗo kusa, ina nan zaune. Sai Gwaggo ta gyara zama ta jingina da bango, fuskarta ta saki.

"To, ya sauko? Kai! Nawa kinka samu? A'a, wanga kaɗan ne, kin yi gaggawar sauke shi. Wane launi ya ba ki?"

Sai dariya, sai faɗa, sai dariya kuma. Sa'a guda cur. Ina jin muryar ɗiyata siririya tana fitowa daga wayar, tana zuba kamar ruwan famfo, muryar da ban san tana da ita ba. Daga ƙarshe Gwaggo ta ce, "Ga Yayarki," ta miƙo mani.

"Lahiya?"

"Lahiya lau, Yaya."

"Ya karatu?"

"Alhamdu lillahi."

"Allah shi taimaka."

Shi ke nan namu. In miƙa waya in tashi in yi alwalar da ban bukata.

Wata ƙaramar Sallah yarinyar ta zo hutu, ni ma na shigo gari. Ina ɗakin girki na hango ta ta ƙofa ta durƙusa, ta ciro wata 'yar kwalba da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ta miƙa wa Gwaggo da hannu biyu. Cikinta wani farin gari mai ƙyalli, bai kai cikin ƙaramin cokali ba. Gwaggo ta ɗaga ta wajen hasken taga, ta juya, ta sake juyawa. Sai na ga hawaye. Ban ga hawayenta ranar da mijinta ya rasu ba, amma na gan su a kan wannan gari. Cikin maganarsu kunnena ya kama kalma biyu: maganin suga. Gwaggo ta kunna kyandir ta ɗiga a bakin murfin har ya toshe, ta sa kwalbar cikin kabad na gilashi, gaban kwanukan aurenta.

Ba wanda ya kira ni in gani.

Na koma Argungu da abin a ƙirji. A lokacin tafin ƙafata ya fara yi mani kamar ana soka allurai. In ina baza shinkafa a rana sai in ji zuciyata tana cewa: ta haɗa magani da hannunta, ta kai wa wadda ta goya ta, wadda ta yi naƙudarta kuwa ta ci gaba da jan ƙafa. In yi istigfari, abin ya tafi, in na sunkuya ya dawo. Ban gaya wa mijina ba. Ta yaya uwa za ta buɗe baki ta ce tana kishi a kan 'yar fari? Wata biyu ina haka.

Ranar asibiti ta zagayo. Da hantsi Gwaggo ta fita raka maƙwabciyarta bakin ƙofa. Na tashi na buɗe kabad. A lokacin na iya karatu, na duba takardar jikin kwalbar: haruffa biyu da lamba, ba su gaya mani komai ba. Na kankare kyandir ɗin da farce, na buɗe, na jiƙa yatsa da miyau na dangwala. Ban yi niyyar ɗauka da yawa ba. Nawa rabon kawai nake so.

Yatsan bai kai baki ba. Ban ji shigowarta ba, sai dai na ji duka a wuyan hannuna, irin wanda ya sa hannun ya mutu har kafaɗa. Kwalbar ta faɗi kan darduma, rabin garin ya zube. Tsohuwa mai ciwo, amma ta ja ni kamar akuya har bakin famfo, ta wanke mani hannu da sabulu sau uku, tana haki.

"Kin lasa? Dibe ni! Kin lasa?"

"Ban lasa ba."

"Buɗe baki in gani."

Na buɗe kamar ƙaramar yarinya. Da ta tabbatar sai ta zauna daɓas a kan turmi.

"Ke wace irin mace ce? Kin san ko mi ne ne wanga?"

Ni mai sanyin magana ce, kowa ya shaida. Amma ranar bakina ya buɗe. Na ce, "Na sani. Magani ne ɗiyata ta haɗa. Kin ɗauke ta tana shan nono, kin ɗauke Inna kin bar mani Yaya, kin ɗauke Alhamis. Yanzu maganin ma naki ne ke ɗaya? Ni ba ni da suga? Ko ƙafata ba ƙafa ba ce?"

Ta girgiza kai.

"Magani? Amarya, ko ɓera bai sha wanga ba tukuna! Ita kanta ba ta san ko shina warkarwa ko shina kashewa ba. Abu na fari ne da ya fito mata da tsabta bayan wata takwas tana ɓarna, ta kawo mani in gani, don ni na koya mata wanke kwalba. Da kin lasa wani abu ya same ki, mi zan ce mata? In ce uwarki ta tafi da abin da hannunki ya haɗa?"

Uwarki. Ranar na fara jin kalmar a bakinta.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce, "Kuma ki bar cewa na ɗauke. Ranar da na goya ta na tsaya bakin ƙofarki, na daɗe tsaye, ina jira ki ɗago ki ce a'a. Da kin ce, da na sauke ta. Kina ta tura itace."

Na ce, "Kin san ba a cewa."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa na zo da zane."

Famfo yana ɗiga. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "In kishi ne, zo mu raba. Na yi shekara goma sha biyar da ciwon ga, tana karatunta a kan rini, ba ta canza ba. Satin da anka ce kina da shi ta je ta sami malaminta ta ce ita maganin suga za ta yi. Kin ga na lasa wa kaina guba don haka?"

Har yau ban sani ba ko gaskiya ta faɗa ko lallashina take yi. Kafin ranar ban taɓa jin ta yi ƙarya ba, amma ban taɓa ganin ta lallashi kowa ba ma.

Ta share garin da ya zube da jiƙaƙƙen tsumma ta ƙone tsumman, ta sake toshe kwalbar da kyandir. Ni kuwa na ɗauki jakata. Wata huɗu ina zuwa asibiti in juya Argungu a ranar, ban taka Gesse ba. Ina jiran ranar da mijina zai kira ni ɗaki, ko yarinyar ta canza mani murya. Ba abin da ya faru. Gwaggo ba ta gaya wa kowa ba. Da yarinyar ta lura garin ya ragu, ashe Gwaggo ce mata ta yi hannunta ne ya yi rawa. Wannan ita ce ƙarya ɗaya da na san ta yi, kuma saboda ni ta yi ta.

Sai ciwon ya sauka mata a ƙoda. Ƙafafu suka kumbura, ta daina fita. Ta aiko a ce wa Amarya ta zo, kuma ta taho da littafinta na makaranta da biro.

Na same ta kwance, ta rame, idon nan dai yana nan. Ban gama gaisuwa ba ta ce, "Zauna. Kwana nawa gare ni ban sani ba, ke kuma kanki da tauri. Mu fara."

Kowace safiya bayan ta sha kunun da aka yarda ta sha, sai ta sa ni gaba. Ta ce, "Kin san injin casa na bakin kasuwarku. A zuba shinkafa ta sama, shi ɓare ta, ta fito ta ƙasa. To cikin hanjin mutum akwai irinshi, ƙanana, ido ba ya gani, ana ce masu enzayim. Tuwo in ya shiga, su ka ɓare shi shi koma suga, shi bi jini. Ni da ke, jininmu ba ya iya ɗaukar sugan in ya zo da yawa lokaci ɗaya. Mi ke tsayar da injin casa?"

Na ce, "Tsakuwa."

"Kowace iri?"

"A'a. Babba ba ta shiga, ƙarama wucewa take. Sai wadda ta yi daidai da ƙwayar shinkafa."

Ta buga katifa. "To kin gama digiri! Ƙwayar da muke sha da lomar fari ita ce tsakuwar. Inji shi ɗauka tuwo ne, shi cafke, shi shaƙe, sugan shi riƙa fita kaɗan-kaɗan. Ɗiyarki tana neman wadda ta fi ta, wadda za ta tsayar da inji ba ta fasa shi ba, ba ta kuma sa tsofaffi kukan kwaɗi ba. Ke kin ƙare rayuwarki kina tsince tsakuwa, ita tana ƙera ta."

Ta bi da ni aikin daki-daki. Yadda ake zuba sinadari biyu a kwalba mai zagayayyen gindi a ɗora kan zafi yini guda, tururi ya hau wani bututu mai ruwan sanyi ya koma ruwa ya sake gangarowa, kamar gumin murfin tukunya. Yadda ake sauke ta a sa cikin ƙanƙara a jira gari ya sauko ƙasa kamar gishiri. Wani lokaci ya sauko, wani lokaci a sami baƙin danƙo kawai. Yadda ake tacewa a sake narkarwa a sake tacewa, kamar mai tace ruwan toka. Yadda ake ɗiga shi a wata 'yar takarda: tabo ɗaya, ya yi tsabta, tabo biyu, da gauraye, a koma baya. Daga nan sai a haɗa shi da injin nan na hanji a cikin 'yan ramuka, a zuba masa abin da zai ɓara. In ruwan ya koma rawaya, inji yana aiki, tsakuwa ba ta kama ba. In ya tsaya fari, ta kama. Kowane gari da lambarsa, in wannan ya ƙi sai na gaba.

Ina rubutawa da hannuna mai nauyi, tana gyara mani. Wata rana ta ce, "Yanzu rubuta tambayoyi. Ya sauko? Tabo nawa? Wane launi ya ba ki? In ta ce rawaya, kada ki ce mata Allah shi kyauta ki yi shiru, wanga kowa ya iya. Ki ce: lamba nawa ke biye?"

Nan na gane abin da ake shirya ni dominsa. Na ajiye biro. Maimakon godiya, wallahi haushi ne ya taso mani. Na ce, "Gwaggo, har hanyar zuwa wurin abin da na haifa sai ke za ki nuna mani?"

Ta ce, "Awo. Ki ji haushi, amma ki rubuta."

Na rubuta.

Ta cika ranar wata Talata da hantsi, yarinyar na riƙe da kanta, ni ina riƙe da ƙafafunta. Ko a nan ma kowa da inda ya samu. Cikin wasiyyarta ta ce wayarta a ba Amarya, kada a cire layin. Kwalbar kabad ita ma a ba Amarya, ta san dalili. Dangi suka dube ni, na sunkuyar da kai.

Bayan sadakar bakwai yarinyar ta koma makaranta. Sallamarmu irin ta kullum ce: Allah shi kiyaye hanya, amin Yaya. Na dawo Argungu na sa wayar cikin kwano na rufe, ina ciro ta in sa mata caji in mayar. Alhamis ta farko ta wuce shiru. Ta biyu ma haka. Na ce a raina, to, Gwaggo, kin yi wahalar banza. Ba tambayoyin take so ba, mai tambayar take so.

Alhamis ta uku ina kwashe shinkafa daga shanya bayan la'asar, sai na ji kwano yana kuka. Na shiga da gudu da ƙafar nan tawa mai allurai. Na ɗauka na kara a kunne.

Sai na ji muryar ɗiyata. "Wa ke nan?"

"Ni ce."

"Yaya? Yi haƙuri. Hannuna ne ya saba. Ban zaci za a ɗauka ba." Ta ja numfashi. "Lahiya kuke?"

"Lahiya lau."

"To, a gaida su Baba."

Na ji za ta kashe. Littafin yana ƙarƙashin matashi, amma ban kai gare shi ba, ashe abin ya zauna. Na ce, "Ya sauko?"

Na sauke wayar daga kunne na duba ko ta mutu.

"Mi kinka ce, Yaya?"

"Garin. Ya sauko, ko danƙo kinka samu?"

Ta ce, a hankali, "Ya sauko."

"Tabo nawa?"

"Ɗaya."

"Madalla. Wane launi ya ba ki?"

Sai muryar ta karye. "Rawaya, Yaya. Rawaya kamar garin ɗorawa. Wata uku na yi a kanshi. Tun safe nike zaune gabanshi, ban san wanda zan gaya ma ba."

Allah shi kyauta ta zo mani har bakin leɓe, na haɗiye ta. Na ce, "Lamba nawa ke biye?"

Ta yi kuka sosai, na bar ta ta yi. Sannan ta share hanci ta ce talatin da ɗaya, kuma tana ganin ta san inda tsakuwar ta yi faɗi, akwai wani gefe da za ta rage. Ta shiga bayani. Rabinsa ban gane ba, na dai riƙa cewa to, ina tambayar abin da na iya. Muryar nan ce, mai zuba kamar famfo, yau a kunnena take zuba. Kaji suka hau shinkafar da na bari a waje, ina ganinsu ta ƙofa, ban tashi ba.

Da aka fara kiran magariba ta ce, "Inna ta koya maki, ko?"

Na ce, "Awo."

Ta yi 'yar dariya cikin hawaye. "Har yadda take ja wurin 'launi' kin ɗauko."

Abin ya soke ni, ba zan ɓoye ba. Tana kabari, amma ita ɗiyata ke ji a bakina. Na dubi 'yar kwalbar da ke kan taga da kyandir a bakinta, na nemi abu ɗaya da ba ya cikin littafin, wanda ba ita ta sa ni rubutawa ba. Gidan ba kowa, duk sun tafi masallaci. Duk da haka sai da na rufe ƙofa.

Na kira sunanta. Sau ɗaya, ƙasa-ƙasa. Ya yi mani nauyi a harshe kamar kalmar wani yare.

Sannan ta ce, "Na'am."

Ba zan rubuta sunan a nan ba, hannuna bai kai bakina ƙarfin hali ba. Har yanzu Yaya take ce mani, kuma gwajin na talatin da ɗaya bai fito ba tukuna, sai Alhamis mai zuwa zan ji.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo, ya yalwata maki makwanci, ya wanke ki tas kamar yadda kika wanke kwalaben mutane. Na yafe maki, ki yafe mani. Amma ina sane, ban manta ba: sunan nan da na kira, shi ma ke kika zaɓa.